Wa za mu ba amanar shafinmu na intanet?



Kwanakin nan shugabannin ƙungiyoyin raya karkara na yawan tambayarmu. Suna son buɗe shafi irin namu, don 'yan uwa na waje su riƙa ganin inda gudummawarsu ke tafiya, ko ta rijiya ko ta gyaran aji. Tambayar ita ce: ina ake ajiye shafin, kuma hannun wa?

Duk hoto da murya da sanarwar da kuke gani a shafi, suna zaune ne cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashewa dare da rana. Ita ake kira uwar garke. In ta tsaya, shafi ya rufe.

Hanya uku ce. Ta farko, ku sayi taku ku ajiye ofis. Sai dai tana son sanyi da kuran ba yankewa, ga zafin bazarar Arewa. Kun kuma tuna watan Agusta na 2023, da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Ta biyu, ku yi hayar ta a hannun kamfani, amma gyara da gadi naku ne. Tana da sauƙin kuɗi, sai dai dole ku sami gwani na kanku. Ta uku, ku yi haya tare da kulawa. Wagga kamar ba makiyayi kiwo ce: saniya taku ce, shi ke kai ta daji, ya shayar da ita, ya tashi da dare in ɓarawo ya zo. Kamfanin ke sabunta manhaja, ya tare masu kutse, ya tada shafi in ya faɗi. Ƙungiyar da ba ta da gwani, ita ta fi dacewa da ita.

Amma kafin ku biya, ku yi tambaya huɗu.

Ta ɗaya: kuna ajiye kwafi, kuma a ina? Ranar 10 ga Maris na 2021 gobara ta cinye wani ginin kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa. Waɗanda kwafinsu ke wuri guda da asalin, da yawansu sun rasa kome. Don haka kwafi ya zama a wani gari daban, kuma a gwada maido shi a gabanku tun ba a shiga uku ba.

Ta biyu: in shafi ya faɗi daren Jumma'a, wa za mu kira? Da Faransanci ake amsawa ko sai Turanci? Ku aika masu tambaya tun kafin ku biya, ku ga awa nawa za su yi kafin su amsa.

Ta uku: nawa ne kuɗin shekara ta biyu? Kamfanoni da dama na rage farashin shekarar farko, daga baya ya haura. Araha ba ta ado. Ku duba kuma kuɗin da ake biya da shi. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi, amma dalar Amurka hawa take tana sauka. Yawancinsu da katin banki ake biyansu, to ku san tun yanzu katin wa za a riƙa sawa.

Ta huɗu, wadda ta fi ci mana rai: da sunan wa anka yi rajista? Mu kanmu mun taɓa ɗanɗanawa. Wani matashi da ya taimaka mana ya buɗe kome da sunansa da lambarsa, ya tafi ci-rani, lambar ta daina shiga. Da lokacin biya ya yi, sai da munka yi makonni muna nemansa, shafi rufe, 'yan uwa na waje suna ta kira ko lafiya. Adireshin shafi, ko mai ƙarewa da .ne na Nijar ko .org, ya kasance da sunan ƙungiya, kalmar sirri kuma a hannun mutum biyu ko uku na amana. Ku tabbatar kuma in kun so ƙaura zuwa wani kamfani, za a ba ku kayanku cikakku.

Ƙarin shawara: shafin ya zama marar nauyi. Mai buɗe shi a ƙauye da ƙaramar waya da rezo mai rauni, in hotuna sunka yi yawa, kuɗin data kawai zai ƙone.

Kome ingancin kamfani, ku riƙe kwafi guda a gida. Muryoyin dattawanmu da munka naɗa suna ba da tarihin Lugu da na sarautar Arewa, da yawansu Allah ya yi masu rasuwa, ba mu da inda za mu sake naɗarsu. Mai tambaya ya kira mu a filin masu sauraro, ko ya biyo gidan rediyo mu zauna.