Yadda daidaita hulɗar ciniki da Amurka ya mayar da Biyetnam cibiyar masana'antu

A ranar 3 ga Fabrairun 1994 Shugaban Amurka Bill Clinton ya ɗage takunkumin cinikayyar da ya rufe wa Biyetnam ƙofa tun bayan ƙarewar yaƙin ƙasashen biyu a 1975. Shekara talatin bayan haka, a 2024, darajar kayan da Biyetnam ta sayar wa Amurka ta haura dala biliyan 130. Abin da ya auku tsakanin waɗannan lokuta biyu yana nuna ainihin abin da masu masana'antu ke samu idan aka daidaita hulɗar ciniki.

Ɗage takunkumi kaɗai bai wadatar ba

Amurka tana da jadawalin kuɗin fito iri biyu. Na farko mai sauƙi ne, kuma shi ake amfani da shi kan ƙasashen da take da hulɗar ciniki ta yau da kullum da su. Na biyu mai tsanani ne, ya samo asali daga dokar harajin Smoot-Hawley ta 1930. Ko bayan an ɗage takunkumi, an kuma maido da dangantakar diflomasiyya a 1995, kayan Biyetnam sun ci gaba da biyan na biyun, wanda matsakaicinsa ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari. Rigar da aka ɗinka a birnin Ho Chi Minh ba ta da halin gogayya da wadda aka ɗinka a maƙwabciyar ƙasa mai biyan fito kaɗan.

Yarjejeniyar cinikayyar da aka rattaba wa hannu a Yulin 2000, wadda ta fara aiki a Disambar 2001, ita ta sauya lissafin. Matsakaicin kuɗin fiton ya faɗo ƙasa da kashi 5 cikin ɗari. Cikin shekara guda kayan da Biyetnam ke aikawa Amurka suka ninka, daga kusan dala biliyan 1 zuwa fiye da biliyan 2, tufafi ne kuma suka fi tashi.

Tabbaci ya fi ragi tasiri

Duk da haka, akwai sauran rina a kaba. A ƙarƙashin wata dokar Amurka ta 1974, sai an sabunta wa Biyetnam wannan matsayi kowace shekara. Mai jarin da zai gina masana'antar da za ta daɗe kafin ta mayar da kuɗinsa ba zai dogara da alfarmar da ake iya janyewa baɗi ba. A Disambar 2006 Majalisar Dokokin Amurka ta mayar da matsayin na dindindin, sannan a Janairun 2007 Biyetnam ta zama mamba ta 150 a Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya.

A daidai wannan lokaci manyan kamfanoni suka shigo. Intel ya buɗe masana'antar dala biliyan 1 a Ho Chi Minh a 2010. Samsung na Koriya ta Kudu ya kafa masana'antun wayoyin salula a Bac Ninh, daga baya a Thai Nguyen. A yau kusan rabin takalman Nike a Biyetnam ake yin su.

Ita ma Biyetnam ta buɗe tata kasuwar: ta rage kuɗin fito, ta kuma yi alkawarin kare haƙƙin mallakar fasaha. Hakan ya sauƙaƙa wa masaƙunta shigo da injuna da auduga, har ta zama cikin manyan masu sayen audugar Amurka.

Inda haɗarin yake

Buɗe kasuwa bai kawar da rigima ba. A 2003 Amurka ta ɗora ƙarin haraji kan kifin Biyetnam dangin tarwaɗa, bayan masu kiwon kifi na kudancin ƙasar sun yi ƙorafin ana karya musu farashi. A Afrilun 2025 kuma Shugaba Donald Trump ya sanar da harajin kashi 46 cikin ɗari kan kayan Biyetnam, kafin a sasanta a kan kashi 20 a watan Yuli. Bugu da ƙari, fiye da kashi 70 cikin ɗari na kayan da ƙasar ke fitarwa daga kamfanonin baƙi suke fitowa, wanda ke nufin wani kaso na ribar yana komawa waje.

Hukumomin Hanoi sun daɗe da sanin illar dogaro da mai saye ɗaya. Shi ya sa suka shiga yarjejeniyar ƙasashen yankin tekun Fasifik a 2019, suka kuma ƙulla wata da Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a Agustan 2020. Babban aikin da ya rage musu shi ne ƙarfafa kamfanonin cikin gida, ta yadda za su riƙa ƙera sassan da har yanzu ake shigo da su daga Sin da Koriya ta Kudu.