Mutumin da Ya Ƙidaya Abincin Kifi a Tekun Ƙanƙara

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, mutane da yawa na ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada suka kama sana'ar su. Kowane masunci ya san karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa, ya san inda su ke kwana da lokacin da su ke tasowa. Amma in an tambaye shi abin da ɗan karfasa ke ci ran da ya fito daga bakin uwarsa, da wuya ya ba da amsa, gama abin ya fi ƙarfin ido. Akwai masanan da suka ƙare rayuwarsu wajen binciken wannan ɓoyayyen abinci. Ɗaya daga cikin manyansu shi ne wani Baturen Ingila, Alista Hardi, wanda nemansa ya kai shi har tekun ƙanƙara na ƙarshen duniya.

An haifi Hardi a Notingam cikin 1896. Bayan Yaƙin Duniya na Farko ya gama karatun ilmin dabbobi a Oksfod, sa'an nan a 1921 ya kama aiki a ma'aikatar binciken kifi ta Lowestof, bakin tekun Ingila. Aikin da aka ba shi ba mai daɗin gani ba ne, watau ya riƙa farke cikin wani ƙaramin kifi da Turawa ke kamawa da yawa, ya duba abin da ya haɗiya da madubin likita. Nan ya tabbatar cewa kifin nan ya dogara ne ga waɗansu 'yan mitsi-mitsin tsirrai da ƙwari da ke yawo cikin ruwa, ba su da ƙarfin iyo, sai inda igiya ta kai su. Masana suna kiransu falankiton. Su ne ke sa ruwan kududdufi ya yi kore-kore da rani. Tsirran suna rayuwa da hasken rana, ƙwarin su ci tsirran, ƙananan kifi su ci ƙwarin, manya kuma su ci ƙanana.

A zamanin nan akwai wata sana'a mai kawo kuɗi ƙwarai a can kudu, kusa da ƙasar Antatika inda ƙanƙara ba ta narkewa, watau farautar wata dabbar teku da a ke kira wel. Ko da ya ke siffarta ta kifi ce, ba kifi ba ce. Haihuwa ta ke yi tana shayarwa, kamar ayu, kuma sai ta taso sama ta shaƙi iska. Babbar cikinsu, wadda a ke kira shuɗiyar wel, tsawonta ya kan kusa ƙafa 100, nauyinta kuwa ya fi na giwa ashirin. Kitsenta a ke narkarwa a yi sabulu da man girki. Da Gwamnatin Ingila ta ga kisan ya yi yawa, sai ta ɗebi kuɗi daga harajin man, ta shirya jirgin ruwa mai suna Discovery domin a je a binciko rayuwar dabbar. Aka naɗa Hardi babban masanin dabbobi na tafiyar, jirgin ya tashi a 1925, bai komo ba sai 1927.

Tafiyar ta yi wuya. Jirgin tsoho ne na katako, mai tafiyar hawainiya, ga shi da tangaɗi in igiya ta taso. A kewayen tsibirin Jojiya ta Kudu, inda mahautar wel ta ke, ma'aikatan su kan tsai da jirgi dare da rana, su zura tarun siliki zuwa zurfi dabam dabam, su jawo da hannuwa sandararru don sanyi, su juye abin da suka samu cikin kwalabe. Abin mamaki, ƙatuwar dabbar nan kusan abincinta guda ne, wani ɗan jatan lande mai suna kiril, wanda tsawonsa bai fi inci biyu da ɗan kai ba. Ta kan buɗe baki ta kamfaci ruwa, ta tace, ta haɗiye dubbai a loma guda.

Wani abu ya dami Hardi cikin aikin. Ya lura 'yan halittun nan ba a barbaje su ke daidai cikin teku ba. Cincirindo su ke yi, kamar jan baki a gonar gero: nan baƙi ƙirin, gaba kaɗan ko ɗaya babu. Saboda haka wanda ya zura taru a wuri guda ya ce ya san abin da ke cikin teku, ya ruɗi kansa. Sai ya ƙago wata na'ura da jirgi zai riƙa ja a baya. Akwatin ƙarfe ne mai ɗan rami a goshi inda ruwa ke shiga, da farfela a wutsiya. Gudun jirgi shi ke juya farfelar, ita kuma ta riƙa warware ƙyallen siliki sannu sannu, kamar yadda masaƙi ke naɗe sawaye. Ruwa ya wuce ta ƙyallen, 'yan halittun su maƙale, wani ƙyalle ya rufe su, duka su naɗe cikin maganin hana ruɓa. In an komo gida sai a warware, a yanka gunduwa gunduwa, kowace gunduwa tana matsayin tafiyar mil goma na teku, a ƙidaya abin da ke kanta.

Da ya zama shaihun malami a Hul a 1928, sai ya rage girman na'urar yadda jiragen 'yan kasuwa za su iya janta ba tare da masani a ciki ba. A watan Satumba na 1931 aka fara ja tsakanin Hul da Bremen ta Jamus. In ban da tsaikon Yaƙin Duniya na Biyu, aikin bai yanke ba, kuma cibiyarsa tana Filimut ta Ingila. Hardi ya koma Abadin a 1942, daga nan Oksfod, Sarauniya ta ba shi lambar girma ta Sir a 1957, ya rasu a 1985.

Ilmin da aka tara bai ceci wel da wuri ba, gama kwaɗayi ya fi shi sauri. A kakar farauta ta 1930 zuwa 1931 kaɗai an kashe shuɗiyar wel fiye da 29,000 a tekun kudu. Ba a hana kashe ta ba sai wajen 1966, sa'ad da saura 'yan kaɗan, har masu jiragen da kansu ba sa mai da kuɗin mai. Shi ma kiril da mutane suka fara kamunsa, sai da ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a 1980 don kada a cinye abincin sauran dabbobin teku.

Amfanin haƙurin Hardi da abokan aikinsa ya fito ne bayan ba su. Tun da an ajiye lissafi shekara bisa shekara, ana iya gwada jiya da yau. A 2002 lissafin na'urarsa ya nuna cewa ƙwarin ruwa masu son ɗumi sun matsa arewa wajen mil 600 cikin shekara arba'in a tekun da ke kusa da Turai, masu son sanyi kuwa sun ja da baya. A 2019 kuma aka gwama lissafin kiril tun daga 1926, aka ga ya ƙaura kudu yana bin sanyi. Dalili kuwa, 'ya'yansa suna fakewa ƙarƙashin ƙanƙarar da ke bisa teku, suna kankarar gansakukar da ke jikinta su ci.

Tafkin Tiga ba ya ƙanƙara, amma tsarin cin abinci a cikinsa guda ne da na can. In zaizayar ƙasa ta yi yawa a bisa tudu, wajen Doguwa da gefen dajin Falgore inda kogin Kano ke ratsowa, laka ta kan gangaro ta jirkita ruwa ya yi ja, hasken rana ya kasa shiga, tsirran nan su ragu, 'ya'yan kifi su rasa na ci. Gubar da wani ya zuba don ya kwashi kifin kwana ɗaya ta kan kashe har ƙwarin da ido ba ya gani, shi ya sa dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta haramta ta. Mai jan gidan sauro a bakin gaɓa kuwa, kifin baɗi ya ke kwashewa tun bai kai yatsa ba. Masu kiwon karfasa a tafkin gida sun riga sun san dabarar: su kan zuba taki kaɗan, su jira ruwa ya yi kore, sa'an nan su saki 'ya'yan kifi.