Kalmar "Joy": Ma'anarta Da Yadda Ake Amfani Da Ita A Kurmi

Duk ɗan Arewa da ya kwana biyu a Ikko ko Badun ko Anacha ya sha cin karo da wata 'yar gajeruwar kalmar Ingilishi mai haruffa uku, watau joy. Tana jikin motocin haya, tana ƙofar shaguna, tana kan katin gayyatar biki, har sabulun wanka akwai mai wannan suna, na kamfanin PZ, wanda tallarsa ta yi tashe a talabijin cikin shekarun 1980. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka ita da happy duk ɗaya ne, alhali kuwa ba haka ba ne.

Asalinta ma ba ta Ingilishi ba ce. Tushenta kalmar Latin ce, gaudium, wadda Faransawa suka mayar joie. Bayan da Normandawa suka ci ƙasar Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a, ta nan kalmar ta shige bakin Ingilishi, kamar dai yadda Hausa ta ari ni'ima da sa'a daga Larabci har muka manta baƙi ne.

To, mene ne bambancin? Happy jin daɗi ne na yau da kullum, irin wanda mutum yake ji in ya yi ciniki mai kyau a Mile 12. Amma joy farin ciki ne mai tsanani, wanda ke cika zuciya har ya kasa ɓoyuwa, kamar na matar da ta haihu bayan shekara goma tana jira, ko na iyalin da alhajinsu ya sauka lafiya, a yi ta rangaɗa guɗa. Shi ya sa Bature yake kiran hawayen murna tears of joy, sabon jariri kuma bundle of joy.

Masu rubuta wasiƙa su lura. Kalmar suna ce, ba sifa ba, saboda haka ba a cewa I am joy, sai fa in sunanka ke nan. Haka kuma ba ta dace da takardar neman aiki ko ta ofis ba, don ta yi nauyi. A can glad ko pleased ya isa. Wurinta shi ne wasiƙar barka da haihuwa ko ta ɗaurin aure.

Maganar suna kuwa, Kirista ne suka fi raɗa wa 'ya'yansu mata Joy, kuma sunan ba ya nuna ƙabila. Tana iya zama Ibo, tana iya zama 'yar Binin, tana iya zama 'yar Filato wadda ta fi ka Hausa, don haka a iya bakinsa a gabanta. Yarabawa suna da nasu, Ayo, kamar a cikin Ayodele, watau farin ciki ya iso gida. Mu ma ai muna da Sa'adatu.

Inda abin ya fi shafar mai neman abincinsa shi ne Turancin buroka. A Ingila in mutum ya ce no joy, nufinsa ya nemi abu bai dace ba, shi ke nan. A tashar Oshodi kuwa, in kwandasta ko ɗan tasha ya zare ido ya ce maka I no get joy, ba labarin baƙin cikinsa yake ba ka don ka ba shi haƙuri ba. Gargaɗi ne: ransa a ɓace yake, ba ya wasa, ba ya ragi, kuma a shirye yake da rigima. Baƙon da bai gane ba yakan yi murmushi ko ya ci gaba da neman ragi, shi kuwa wancan ya ɗauka raini ne, kafin ka ce kwabo an kama wuyan riga. Abin da ya fi shi ne ka biya abin da aka yi da kai, ko ka ja da baya ka nemi wata motar. In kuma ka ji an ce country no get joy, to, kukan tsadar rayuwa ake yi.

Har wa yau akan faɗi kalmar da gatse. Marubuciyar nan Buchi Emecheta ta fitar da littafinta The Joys of Motherhood a 1979, wanda sunansa ke nufin daɗin zama uwa. Labarin wata mace ce, Nnu Ego, da ta bar garinsu Ibuza ta zo Ikko zamanin Turawa, ta ƙarar da ƙarfinta wajen renon 'ya'ya, daga ƙarshe ta mutu a gefen hanya babu ko ɗayansu a kusa da ita.