Dokokin ci a wasan dara

Dara wasa ne na gargajiya da mutum biyu suke yi a ƙasar Hausa, daga ƙauyuka har zuwa unguwannin birni irin su Mando a Kaduna. Dakarkarin ƙasar Zuru a Jihar Kebbi sun shahara da ita, Zabarmawan Nijar kuwa suna kiranta dili. Dokokin ci su ne ke fayyace lokacin da ɗan wasa yake da ikon ɗauke ɗan abokin karawarsa, kuma a kansu ne aka fi yin gardama.

Shiri

Ana haƙa gurabe 30 a ƙasa, layi 5 kowanne da gurbi 6. Kowane ɗan wasa yana riƙe da 'ya'ya 12, wani tsakuwa, wani guntayen kara, don a bambance. Suna zubawa ɗaya bayan ɗaya har gurabe 6 kaɗai su rage. A wannan mataki ba a ci, kuma ba a yarda mutum ya jera uku ba.

Yadda ake ci

Bayan an gama zubi, ana matsar da ɗa zuwa gurbin da ke maƙwabtaka da shi: gaba, baya, dama ko hagu. Ba a tsallake, ba a tafiya a karkace. Wanda ya jera 'ya'yansa uku a miƙe ya sami ikon cire ɗa guda na abokin karawa. Wanda 'ya'yansa suka koma biyu an cinye shi, domin ba zai ƙara jera uku ba.

Wuraren da ake saɓani

Jerin huɗu ba ya ba da ci. Sai uku cif. Idan matsi ɗaya ya haɗa jeri biyu, ɗa ɗaya ake ɗauka. A wurare da dama ba a cire ɗan da ke cikin cikakken jerin uku, wasu kuma ba su damu da wannan ba. Shi ya sa masu wasa daga garuruwa daban-daban sukan daidaita tun kafin a fara zubi.

Inda ƙarfi yake

A dara babu ɗan da ya fi wani. Ƙarfi yana cikin jeri. Gwani yakan shirya 'ya'yansa yadda ɗa guda zai riƙa kai da komo tsakanin jeri biyu, yana ci a kowane matsi. Wannan ya bambanta da wasannin tebur irin su Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, inda kowane jarumi yake da lambobin ƙarfinsa, kuma jefa ƙuri'a ke yanke ko sara ya kama. A dara babu ƙuri'a, sai lissafi. Daga wasan ne aka samo maganar nan "dara ta ci gida", wato dabarar mutum ta juyo kansa.