Kafin ka zargi kafireto

Duk wanda ya taɓa leƙa bayan Bosuwaja, ƙunƙurun nan da aka fara haɗawa a Legas a 1975, ya san injinta ba shi da lagireto. Iskar fanka da baƙin mai ne kawai ke sanyaya shi. Irinta aka kawo garejin da na yi aikin koyon sana'a bara. Mai ita ya yi mata kwaskwarima: ya sa distirbuta Bosch 009, ya canza salansa, ya kuma cire wasu gwangwanayen da ke kewaye da injin, wai don ya fi kyan gani. Kana taka totur sai ta shaƙe kamar za ta mutu, sannan ta zabura. In an ɗan yi nisa kuma sai zafi, ƙarfi ya tafi.

Ni da zumuɗi na ɗauko sukudireba na nufi kafireto. Oga ya ce, "Ajiye, yaro. Shi ne na ƙarshe." Ga yadda ya sa muka bi ta.

Da bawul muka fara, injin yana a sanyaye, muka saita tazara 0.15 mm. Bawul ɗin hayaƙi yana sauke zafinsa ne lokacin da ya zauna daram a mazauninsa. In ya matse, ba ya rufuwa sosai, ƙarfi ya zube, daga baya ya ƙone. Biyu muka tarar a matse.

Sai wuta. Muka saita kwantak a 0.4 mm, sannan tayimin. A nan matsalar shaƙewar take. Ita 009 da gudun juyin injin kawai take gabatar da wuta, alhali kafireton motar, Solex 34 PICT-3, an yi shi ne don distirbuta mai amfani da zuƙar iska. Shi ya sa a farkon taka totur wutar ke makara. In dole sai 009 ɗin, ana saita ta da fitilar tayimin a wajen juyi 3000, tsakanin digiri 28 zuwa 32. Ka zarce haka, injin ya fara ƙwanƙwasa, fistin na iya hujewa.

Na uku, iskar sata. Robobin bututun da ke kai mai cikin silinda in sun tsage, iska ta fi mai yawa, injin ya ƙara zafi. Filogi zai gaya maka: fari fat alamar ƙarancin mai ce, baƙi kuma ya yi yawa. Namu fari ne, roba ɗaya ta tsage.

Na huɗu, sanyaya. Gwangwanayen nan ba ado ba ne, su ke tilasta wa iskar fanka bi ta jikin silinda. Fanbel ma in ya saki, fanka ta rage gudu.

Muka mayar da distirbuta ta asali, muka samo gwangwanaye a wajen masu kayan gyara, muka canza roba. Kafireton da na so kwancewa, ɗan saiti kawai ya buƙata. Da na fara da shi, da na ƙara mai na rufe ciwon, mai mota ya tafi ya dawo da ƙonannen inji.

Masu shirin furojet a bana, ku riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda, ku gwada, ku rubuta abin da kuka gani kafin ku taɓa na gaba.