Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Shirya Harɗaɗɗiyar Kalma Kafin a Furta Ta

Kadan mutum ya ce hana-salla, ko dafa-duka, ko fasa-ƙwauri, shin kalma ɗaya ya ɗauko daga rumbun ƙwaƙwalwarsa, ko kuwa biyu ya ɗauko ya gama nan take? Tambayar ta shafi malami, domin kadan gamawa ake yi, to, wanda ya san gaɓoɓin ya samu rabin aikin.

Willem Levelt, wani masani na ƙasar Holan, ya tsara matakan furuci cikin littafinsa na 1989. Da fari mai magana yakan ƙudura ma'ana, sa'an nan ya zaɓi kalma tare da nahawunta, watau ko suna ce ko aikatau, ko namiji ko tamace. Bayan wannan ne ake ɗauko sautukanta a jera su, a miƙa wa harshe da leɓɓa. Daga ganin hoton abu zuwa faɗin sunansa, duka bai wuce kamar kashi 6 cikin 10 na daƙiƙa ba. Bisa wannan tsari harɗaɗɗiyar kalma guda ce a matakin zaɓe, amma a matakin sauti gaɓa-gaɓa take fitowa.

Hujja mafi ƙarfi ta fito daga gwajin da Koester da Schiller suka buga a 2008. A harshen Holan akwai wani tsuntsu da ake kira ekster. Sheƙarsa eksternest, wannan a fili yake. Amma eksteroog, watau idon tsuntsun, sunan kantar da ke fitowa a yatsan ƙafa ne, ba ruwansa da tsuntsu. Aka sa mutane su karanta irin waɗannan kalmomi da ƙarfi, bayan an jima aka nuna musu hoton tsuntsun. Sai aka ga sun fi saurin faɗin sunansa, ko sheƙar suka karanta ko kantar, duk ɗaya. Kalmar da ta yi kama a sauti kawai, kamar jasmijn da jas, ba ta taimaka ba. Ashe ƙwaƙwalwa ta riƙe gaɓar a matsayin gaɓa, ko da ma'anarta ta ɓace.

Amma fa ba a gama jayayya ba. A 2005 Bien da Levelt da Baayen sun tarar yawan amfani da kowace gaɓa yana shafar saurin furta harɗaɗɗiyar kalma. A 2008 Janssen da Bi da Caramazza suka gwada masu Sinanci da masu Ingilishi, suka tarar yawan amfani da kalmar ɗungurungum shi ne abin dubawa. A ganina bambancin hanyar gwaji yana da hannu a ciki, gama na biyun hoto suka nuna, na farkon kuwa haddace kalmomin aka yi tukuna.

Marasa lafiya ma sun ba da shaida. Semenza da abokan aikinsa, a 1997, sun duba Italiyawan da maganarsu ta rikice saboda lahani a ƙwaƙwalwa. Harshensu yana da sunaye masu aikatau a gaba, kamar portalettere, mai kai wasiƙu. Waɗanda ke da irin rikicewar da ake jingina wa Broca, masu wahala da aikatau, sukan yar da gaɓar aikatau su bar ɗayar, alhali kalmar duka suna ce.

Wannan ginin shi ne na dafa-duka. Sai dai Hausa ta ƙara wani abu: aikatau a irin waɗannan kalmomi yakan sauya karin sautinsa ya yi ƙasa, dàfà, hànà. Ke nan bayan an ɗauko gaɓoɓin, sai an ɗora musu karin da ke na harɗi kafin su kai bakin mai magana.