Hoton Asibiti da Hasken da Ba a Gani

A watan Nuwamba na 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus, aka rungume shi hannu bibbiyu ba a san yana cizo ba. Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison a Amurka, ya yi ta gwaji da hannuwansa har sankara ta ci su. Aka yanke duka biyun, ya rasu a 1904.

Illar da ake tsoro yau ta ɓoye ce. Hasken yakan karya ƙwayar gado idan ya ratsa jiki. Jiki yana gyara mafi yawan ɓarnar, amma wadda ta kuɓuce tana iya zama ciwon daji bayan shekaru. Ana auna wannan hasken da milisibat. Ko mutum bai taɓa taka asibiti ba, yana shan kusan 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama. Hoton ƙirji kusan 0.1 ne, abin da bai taka kara ya karya ba. Hoton CT na ƙirji kuwa yana kai 7, wato kamar hoton ƙirji saba'in a zama ɗaya.

Ma'aikacin ɗakin hoto an yanka masa iyaka, milisibat 20 a shekara, shi ya sa yake fakewa bayan bango mai dalma. Majiyyaci ba shi da iyaka, kuma daidai ne, domin wanda mota ta buge jini na taruwa a kansa ba a tsaya lissafi a kansa. Kariyarsa tana hannun likita: shin hoton zai canja magani? In zai canja, a rage ƙarfin injin gwargwadon jikin mutum, musamman yaro, wanda jikinsa ke girma kuma shekaru na gabansa.

A 1956 wata mai bincike, Alice Stewart, ta nuna a Ingila cewa hoton eksire ga mai ciki yana ƙara haɗarin sankara ga ɗan da za ta haifa. Don haka tambayar "Hajiya, kina da juna biyu?" ba shisshigi ba ce. Sikanin ɗin awon ciki da sauti yake aiki, MRI da maganaɗisu, babu wannan hasken a cikinsu.

Mu ma da namu laifin. Wani gani yake likita bai yi aiki ba sai ya ce a je a yi hoto. Wani kuma ya jefar da ambulan ɗin hoton makon jiya, ya je wani asibiti a sake haska shi a banza.